Adam Simit, malamin da ya binciki tushen arziki

Maraya a bakin teku

A arewacin tsibirin Birtaniya akwai wata ƙasa mai duwatsu da sanyi da yawan ruwan sama. Sunanta Sikotilan, da faransanci kuma Ekos. A gabashinta, a bakin teku, akwai wani ɗan gari da ake kira Karkodi. A nan aka haifi Adam Simit a shekara ta 1723. A littattafan Turawa ana rubuta sunansa Adam Smith.

Adam bai san mahaifinsa ba. Uban ma'aikacin duwan ne, yana karɓar kuɗin fito a kan kayan da jiragen ruwa suke kawowa. Ya rasu ƴan watanni kafin haihuwar yaron, sai aka mayar wa jaririn sunansa. Uwar, Magaret Duglas, ba ta ƙara yin aure ba, ba ta kuma da wani ɗa sai shi. Yaron ya taso ba ƙarfin jiki, yau lafiya gobe ciwo. Saboda haka uwar take lallaɓa shi, har mutane suna cewa ta shagwaɓa shi.

An ce yana da shekara 3, uwar ta kai shi ziyara gidan kawunsa. Yana wasa a ƙofar gida, sai wasu masu yawo gari-gari suka ɗauke shi, suka yi gaba. Kawun ya tara mutane, suka bi sawu, suka ƙwato shi.

Karkodi ƙaramin gari ne, amma yaro mai ido ba ya rasa abin kallo. Jiragen ruwa suna shiga suna fita. Akwai masu haƙar gawayin ƙasa. Akwai masu dafa ruwan teku a manyan kasake na ƙarfe don su fitar da gishiri. Kusa da garin kuma akwai maƙera waɗanda ba su ƙera kome sai ƙusa, daga safe har dare. A wani ƙauye na ƙasar ma, ma'aikaci yakan je wurin mai burodi da ƙusoshi a maimakon kuɗi. Adam ya riƙe irin waɗannan abubuwa a ransa. Bayan shekaru masu yawa sun fito a cikin littafinsa.

Sikotilan matalauciyar ƙasa ce a lokacin, amma tana da wani abu guda. Tun 1696 an kafa doka cewa kowace gunduma sai ta buɗe makaranta, ta ɗauki malami. Dokar ba ta kai ko'ina ba, amma duk da haka ƴaƴan manoma da ƴaƴan maƙera da yawa sun iya karatu. Adam ya shiga makarantar garinsu. Ya koyi rubutu da lissafi da tarihi da latinanci, tsohon harshen Rum. Yana da kaifin hadda, yana da son littafi. Yana kuma da wata ɗabi'a da take ba ƴan ajinsu dariya: sai ya yi zurfi cikin tunani, ya manta da inda yake, ya riƙa magana shi kaɗai. Wannan ɗabi'a ba ta rabu da shi ba har tsufansa.

Makarantu biyu

A 1737, yana da shekara 14, ya shiga jami'ar birnin Gilasgo. A nan ya haɗu da wani malami, Faransis Hacison, mai koyar da falsafa da halin kirki. Malaman wancan zamani da latinanci suke koyarwa. Shi kuwa Hacison da harshen da ɗalibai suke ji yake ba da darasinsa, don kowa ya gane. Adam bai taɓa mantawa da shi ba.

A 1740 ya sami taimakon karatu na fam 40 a shekara, ya hau doki ya tafi jami'ar Okisfod ta Ingila. Sunanta ya kai ko'ina, ta kuma fi Gilasgo dukiya nesa ba kusa ba. Amma da ya isa, sai ya tarar yawancin manyan malamai sun daina koyarwa. Albashinsu yana zuwa daga dukiyar da aka bar wa jami'ar, ko sun shiga aji, ko ba su shiga ba. A Gilasgo kuwa, babban rabo na abin da malami yake samu daga hannun ɗalibansa yake fitowa. In darasinsa ba daɗi, ɗalibai su ƙi zuwa, aljihunsa ya ji a jika.

Adam ya yi shekara 6 a Okisfod, kusan shi ne malamin kansa. Ya duƙufa a ɗakin littattafai. Ya karanta marubutan Girka da na Rum da na Italiya da na Faransa. Yakan juya rubutun faransanci zuwa ingilishi don ya gyara alƙalaminsa. An ce wata rana shugabanni suka same shi yana karanta littafin wani masani ɗan ƙasarsu, Dabid Hiyum. Ba su son littafin, sai suka ƙwace, suka yi masa faɗa. Daga baya wannan Hiyum ɗin ne ya zama babban amininsa.

Ya koma gida a 1746 da wani darasi da ba a aji ya koye shi ba: yawan dukiyar makaranta ba shi ne yawan ilminta ba, kuma yadda ake biyan mutum yana canza yadda yake aiki.

Malami a Gilasgo

Daga 1748 ya riƙa ba da lacca ga jama'a a Edinbara, babban birnin ƙasar. Sunansa ya fito. A 1751 jami'ar Gilasgo ta ɗauke shi malami, shekara guda bayan haka ya hau kujerar da Hacison ya taɓa zama a kai. Darasinsa yana farawa da ƙarfe 7 da rabi na safe. In ya fara magana yakan yi ƴar in'ina, amma in ya yi nisa sai bakinsa ya sake. Ɗalibai suna zuwa wurinsa har daga Rasha.

A 1759 ya fitar da littafinsa na farko, a kan halin ɗan Adam. A ciki ya nuna cewa kome son kan mutum, yana da tausayi. In ya ga wani cikin wahala, yakan ɗauka kamar shi ne a wurin, ransa ya ɓaci. Kuma kowa yana da wani alƙali a cikin zuciyarsa, wanda ba ya son kai, yana duban abin da yake aikatawa. Mutane da yawa sun san littafinsa na biyu, sun manta da wannan. Shi kuwa bai manta da shi ba, yana ta gyaransa har shekarar da ya rasu.

Gilasgo birnin fatake ne. Jiragensu suna kawo taba daga Amurka, su sayar a Faransa da sauran ƙasashen Turai. Simit yana zama da su, yana tambaya, yana saurare. A cikin jami'ar kuma akwai wani saurayi mai gyaran kayan awo, Jemis Wat, wanda aka ba ɗan ɗakin aiki. Shi ne wanda daga baya ya gyara injin tururi, ya sa yana aiki da gawayi kaɗan, ya sami takardar mallakar ƙirƙirarsa a 1769. Sun san juna.

Ana ba da labarin wata rana da Simit ya kai wani babban baƙo kallon majema. Yana tafe yana bayanin yadda aka raba aiki a wurin, bai duba gabansa ba, sai ya faɗa ramin jima. Da ƙyar aka tsamo shi.

A ƙarshen 1763 aka yi masa tayi: ya raka wani yaro basarake, mai sarautar Baklu, yawon neman ilmi a Turai, a riƙa ba shi fam 300 kowace shekara har ƙarshen ransa. Ya yarda. Amma shekarar karatu ba ta ƙare ba, ga shi ya riga ya karɓi kuɗin ɗalibai. Ranar darasi na ƙarshe ya zo da kuɗin kowa a ƙunshe. An ce ɗalibi na farko ya ƙi karɓa, yana cewa abin da ya koya ya fi kuɗin. Simit ya kama rigarsa, ya cusa masa kuɗin a aljihu. Sauran suka ga ba makawa, suka karɓa.

A Faransa

Sun isa Faransa a 1764. Sun yi kusan shekara ɗaya da rabi a birnin Tuluz. Da farko Simit bai san kowa ba, faransancinsa na baki kuma ba shi da kyau. Kaɗaici ya ishe shi, sai ya fara rubuta wani littafi don ya rage lokaci.

Faransa ta fi Sikotilan ƙasar noma da yawan jama'a, amma manomanta suna cikin talauci. Simit ya ga dalili. Haraji ya yi wa talaka nauyi, manyan masu sarauta kuwa an yafe musu babban rabonsa. Ana tilasta wa manoma gyaran hanya ba lada. Mai kaya in zai ƙetara daga wani lardi zuwa wani, a cikin ƙasa ɗaya, sai ya biya fito. Dokoki sun ɗaure cinikin hatsi, har ya zama wani yanki yana da rara, wani yana yunwa.

Daga Tuluz suka je Janeba, inda ya gana da marubucin nan Bolter, sannan suka wuce Paris. A can ya zauna da wasu masana da suke kiran a sakar wa ciniki mara. Babbansu Faransuwa Kene, likitan sarki. Akwai kuma Turgo, wanda daga baya ya riƙe baitulmalin Faransa. Kene yana ganin noma kaɗai ne yake haifar da arziki. Simit ya girmama shi ƙwarai, amma bai yarda da wannan ba. A ganinsa masaƙi da maƙeri su ma suna ƙara wa ƙasa arziki.

A 1766 ƙanen basaraken ya kamu da zazzaɓi ya rasu a Paris. Tafiya ta ƙare, suka koma gida. Simit ya koma Karkodi wurin uwarsa, ya yi shekara 6 yana rubutu, yana yawo shi kaɗai a bakin teku. An ce wata safiya ya fita lambu da rigar barci, tunani ya ɗauke shi, bai farga ba sai da ya ji ƙararrawar coci a wani gari, bayan ya yi tafiyar fiye da kilomita 20.

Littafin ya fito a Landan ranar 9 ga watan Maris 1776, cikin manyan juzu'i biyu. Ana kiransa *Arzikin Al'ummai*, da faransanci *La Richesse des nations*. Cikin wata 6 bugun farko ya ƙare.

Fil 48.000

Sarakunan Turai na lokacin sun ɗauka arzikin ƙasa shi ne zinariya da azurfa da ta tara. Simit ya ce a'a. Ga Sifaniya, ta kwaso zinariya da azurfar Amurka jirgi-jirgi, amma talakawanta ba su fita talauci ba. Ba a cin zinariya, ba a sa ta a jiki don maganin sanyi. Arzikin ƙasa shi ne abinci da sutura da muhalli da kayan aiki da mutanenta suke samarwa kowace shekara da guminsu. To, me yake sa gumin wasu ya fi na wasu albarka?

Ya fara amsa da abu mafi ƙanƙanta: fil, wato ƴar allurar nan mai kai, marar kafa, wadda maɗinka suke kafe tufa da ita. Ya ga wata ƙaramar masana'anta mai ma'aikata 10. Wani yana jan waya, wani yana miƙe ta, wani yana yankawa, wani yana fiƙe tsini, wani yana gyara inda kan zai zauna. Yin kan ma aiki biyu ne ko uku. Har jera fil a takarda aikin wani ne. In an ƙirga, matakan sun kai 18. Waɗannan mutum 10 suna yin fil 48.000 a yini, wato kowane ɗaya 4.800. Da kowa zai zauna shi kaɗai ya yi dukan aikin, ba tare da ya koya ba, da ba zai yi 20 ba, watakila ko ɗaya ma.

Dalili uku ya bayar. Hannun da yake maimaita aiki ɗaya yana ƙwarewa: maƙerin da bai saba da ƙusa ba da ƙyar yake yin 200 ko 300 a yini, amma Simit ya ga samari masu yin fiye da 2.300. Sannan ba a ɓata lokaci wajen ajiye wannan kayan aiki a ɗauki wancan. Na uku shi ne ƙirƙira. Wanda hankalinsa yake kan aiki ɗaya, shi ne yake gano hanya mafi sauƙi. Simit ya lura cewa injuna da yawa leburori ne suka fara ƙago su. Ya kawo labarin wani yaro da aka sa yana buɗewa da rufe wata ƴar ƙofa a jikin injin tururi. Yaron yana son wasa da abokansa. Sai ya ɗaura igiya daga mariƙin ƙofar zuwa wani sashe na injin mai motsi, ƙofar ta riƙa buɗe kanta, shi kuwa ya tafi wasansa.

Amma wa zai sayi fil 48.000? Nan kasuwa ta shigo. Maƙeri a ƙauyen kan dutse, in yana yin ƙusa 1.000 a yini, a shekara zai yi 300.000. A ƙauyen kuwa ko 1.000 ba za a saya ba a shekara. Dole ya zama shi ne mai ƙusa, shi ne mai garma, shi ne mai wuƙa. Sai kasuwa ta yi faɗi sannan aiki yake rabuwa, kasuwa kuma ba ta faɗi sai da hanya. Keken dawaki mai doki 8 da mutum 2 yana ɗaukar tan 4 daga Landan zuwa Edinbara ya komo cikin mako 6. Jirgin ruwa mai mutum 6 ko 8 yana ɗaukar tan 200 a wannan lokaci.

A nan Simit ya yi wani kuskure. Ya rubuta cewa tsakiyar Afirka ba ta taɓa ci gaba ba saboda ƙarancin hanyoyin ruwa. Bai san ƙasar ba. A lokacin da yake rubutu, ayarin raƙuma suna ratsa Sahara tsakanin Tarabulus da Agadas da Katsina da Kano, gishirin Bilma yana isa kasuwannin Hausa, ga marina da masaƙa da dukawa kowa da sana'arsa. Raƙumi da jaki sun yi aikin da jirgi yake yi. Turawan zamaninsa ko inda kogin Isa, wato Kwara, ya nufa ba su sani ba. Sai a 1796, bayan rasuwar Simit, wani ɗan ƙasarsu, Mungo Pak, ya isa bakin kogin a Segu, ya ga gabas yake gudu.

Rigar lebura

Simit ya ce a dubi rigar ulu da lebura yake sawa. Makiyayi ya yi kiwon tumaki. Wani ya aske gashin, wani ya tsefe, wani ya kaɗa zare, wani ya saƙa, wani ya rina. Fatake sun yi jigila. Matuƙan jirgi sun kawo kayan rini daga nesa. Almakashin askin tumakin ma, sai da aka haƙo tama, aka narka, aka ƙera. Dubban mutane ne suka haɗu a kan riga ɗaya, ba su san juna ba, ba kuma sarkin da ya umarce su.

Abin da ya haɗa su shi ne musaya. Mahauci ba don tausayi yake ba da nama ba, mai burodi ma haka. Kowa abincin gidansa yake nema. Amma ba zai samu ba sai ya kawo abin da wani yake so, a kuɗin da wani zai iya biya. In kaya sun yi ƙaranci, kuɗinsu ya hau, masu kawowa su ƙaru. In sun yi yawa, kuɗin ya sauka. Simit ya kwatanta wannan da wani hannu da ba a gani. Sau ɗaya tak ya ambaci wannan hannu a dukan littafin, amma shi mutane suka fi riƙewa.

Kada a ɗauka ya amince da manyan ƴan kasuwa. Ya zauna da su, ya san su. Ya ce da wuya masu sana'a ɗaya su taru, ko don biki ne, ba su ƙare da shawarar yadda za su tsauwala wa jama'a ba. Ya ce iyayen gida suna haɗa baki a ɓoye don kada ladan ma'aikata ya hau, doka kuwa ta hana ma'aikata haɗa nasu bakin. Ya soki dokar Ingila da ta hana mutum yin sana'a sai ya yi shekara 7 yana bauta wa ubangida. Ya ce ƙasar da yawancin mutanenta suke cikin talauci da wahala ba ta ci sunan mai arziki ba, kuma waɗanda suke ciyar da jama'a, suna tufatar da su, ya kamata su ma su ci su ƙoshi.

Haka ya duba zaman ƙasashe. Ana iya noman inabi a Sikotilan cikin ɗakunan gilashi, amma kuɗinsa zai ninka na Faransa sau 30. Magidanci mai hankali ba ya yin abin da sayensa ya fi araha: tela ba ya ɗinka takalminsa, wurin baduku yake saye. A ganin Simit, arzikin maƙwabciyar ƙasa ba abin baƙin ciki ba ne, domin maƙwabci mai wadata shi ne mai sayen kayanka. Ya soki kamfanin Ingila da yake mulkin Bengal a Indiya. A 1770 yunwa ta kashe miliyoyin mutane a can, Simit kuwa ya ce dokokin da ma'aikatan kamfanin suka sa wa cinikin shinkafa sun taimaka wajen mai da ƙarancin abinci ya zama yunwa. Ya ƙi bauta, ya kuma nuna cewa aikin bawa shi ne mafi tsada a ƙarshe, tun da wanda ba zai mallaki kome ba, ba abin da zai sa ya yi ƙwazo.

Abin da ya ba shi tsoro

Can wajen ƙarshen littafin, Simit ya koma kan ma'aikacin fil, amma wannan karon da damuwa. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana fiƙe tsinin waya, hannunsa ya ƙware, amma me ya sami kansa? Ba ya gamuwa da wata sabuwar matsala, balle ya nemi dabara. Sannu a hankali tunaninsa ya dushe. Ba ya iya bin zance mai zurfi, ba ya iya auna al'amuran ƙasarsa, kowane mai ruɗi yana iya jansa. Abin da ya kawo wa ƙasa arziki, shi ne kuma yake iya dakusar da mutanenta. Simit ya ce haka yawancin talakawa za su zama, in hukuma ba ta tashi tsaye ba.

Bai yarda cewa an haifi talaka da ƙarancin basira ba. Ya ce a ɗauki babban masani da ɗan dako. Har su kai shekara 6 ko 8, iyayensu da abokan wasansu ba za su ga wani bambanci ba. Bambancin yana zuwa ne daga baya, daga tarbiyya da ilmi da irin aikin da aka sa kowa. Ɗan mai kuɗi yana karatu har shekara 18 ko 19. Ɗan talaka kuwa, da ya fara tasawa sai a tura shi neman abinci.

Maganin da ya kawo shi ne irin abin da ya gani a ƙasarsu. A buɗe ƴar makaranta a kowace gunduma. Kuɗinta ya zama kaɗan, yadda lebura ma zai iya biya. Hukuma ta biya wani rabo na albashin malami, iyaye su biya saura. Bai so hukuma ta biya duka ba, domin bai manta da malaman Okisfod ba. A koya wa yara karatu da rubutu da lissafi. A maimakon ɗan latinancin da ba zai amfane su ba, a koya musu awon siffofi da yadda injuna suke aiki, domin kusan kowace sana'a tana bukatarsu. A ba yara masu ƙwazo ƴan kyaututtuka. Kafin a bar mutum ya buɗe sana'a, a jarraba shi a ga ko ya iya waɗannan abubuwa.

A yau ƙasashe da yawa sun wuce inda ya tsaya, sun mai da makarantar firamare kyauta kuma dole. Amma a 1776 akwai manya da yawa a Turai da suke ganin karatu yana ɓata ɗan talaka, yana sa shi raina aiki. Simit ya ce akasin haka ne: jama'a mai ilmi ta fi natsuwa, ta fi mutunta kanta, ta fi wuyar ruɗi.

Shekarun ƙarshe

A 1778 aka naɗa shi cikin shugabannin duwan na Sikotilan, da albashin fam 600 a shekara. Mutumin da ya soki yawan kuɗin fito, ga shi ya gaji aikin ubansa. Ya yi aikin da gaskiya. Da ya karanta jerin kayan da doka ta hana shigowa da su, sai ya ga kusan duk ƙyallayen wuyansa da na aljihunsa suna ciki. Ya tattara su ya ƙone.

Ya zauna a Edinbara tare da uwarsa da wata ƴar uwarsa. Bai taɓa yin aure ba. Uwar ta rasu a 1784, tana kusa da shekara 90, rasuwarta kuwa ta girgiza shi ƙwarai. A 1787 jami'ar Gilasgo ta zaɓe shi shugabanta na girmamawa. Ya ce shekaru 13 da ya yi yana koyarwa a can su ne mafi amfani da daɗi a rayuwarsa. Yana samun kuɗi da yawa, amma dukiyar da ya bari ba ta kai yadda ake zato ba. Daga baya aka gane a ɓoye yake rabar da ita ga mabukata.

Da ya ji ƙarshe ya matso, ya kira aminansa biyu, Jozef Bilak da Jemis Hatan. Ya roƙe su su ƙone rubuce-rubucensa da bai gama ba, don ba ya son a buga abin da bai gyara ba. Suka yi ta jinkiri, ya matsa. Suka ƙone kundi 16. Bayan ƴan kwanaki, ranar 17 ga watan Yuli 1790, ya rasu yana da shekara 67. An binne shi a Edinbara, kusa da gidansa.

An ɗauka darussansa na Gilasgo sun tafi cikin wutar nan. Amma a 1895, wato bayan shekara 105, wani lauya a Edinbara ya fito da wani tsohon littafin rubutu da ya gada a gidansu. Darussan Simit ne, kamar yadda wani ɗalibi ya rubuta su. An buga su a 1896. A 1958 kuma wani malamin jami'a ya sayi tarin tsofaffin littattafai a gwanjo a Abadin, wani birnin Sikotilan, ya tarar da wasu a ciki. Su ma ɗalibai ne suka rubuta su, a shekarar karatu ta 1762 zuwa 1763.